Hali ne ko tarbiyya? Ƙanwata ta faɗi kwas ɗaya ta ce ita ba ta da wani amfani

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Dan Allah tambaya gare ni, musamman ga malaman makaranta da waɗanda suka karanci halayyar ɗan Adam in akwai su a nan. Me ke sa wani ya ɗora darajar kansa kacokan a kan abin da ya ci, in ya yi nasara shi mutum ne, in ya faɗi shi ba kowa ba ne, wani kuma ko a jikinsa? Da shi ake haihuwar mutum ko a gida ake koyonsa?

Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aji uku a jami'a. Yarinyar nan tun firamare ba ta wuce ta ɗaya ko ta biyu, ranar da ta zo ta biyu ma kuka take yi. Irin masu tsarin nan ce, littattafanta a jere, kayan gobe tun yau an goge, in an ce a kawo aiki ran Litinin ita ran Juma'a ta gama, har Baba ya daina kiran sunanta sai dai Farfesa. To sakamakon zangon da ya wuce ya fito ta faɗi kwas ɗaya, ɗaya tak fa, za ta maimaita shi, tun daga nan ta shige ɗaki ta kashe waya, abinci sai an yi da gaske, abin da ya fi tayar min da hankali maganar da take yi, wai ita dama can ba ta da ƙwaƙwalwa sa'a ce kawai take ci yanzu kuma asiri ya tonu, wai ba ta da wani amfani a gidan. Ga ƙanenmu mai bi mata, ya rubuta JAMB bai samu makin da yake so ba, ya dawo ya ci tuwonsa ya ɗau takalmin ƙwallo ya fita ya ce Allah ya kai mu baɗi, kuma ba wai sakarai ba ne, ya zauna ya sake karatu. Gida ɗaya, nono ɗaya. Mama ta ce ƙwazon ne ya yi mata yawa a ce ta rage karatu, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ku taimaka da abin da kuka sani.

Alhaji_Dilimi:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yaye mata. Ni ɗan kasuwa ne, abin da idona ya gani zan faɗa miki. Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002 ina da maƙwabta biyu a layinmu, dukansu atamfa da shadda suke sayarwa, dukansu ko ƙyalle ba su fitar ba. Ɗayan ba a jima ba sai ga shi ya kafa tebur a bakin titin Ahmadu Bello da 'yan turame na bashi, sanyi na dukansa, yana gaisawa da mutane kamar yadda ya saba, in ka yi masa jaje ya ce wanda ya ba da shi ya karɓa. Ɗayan kuwa, wanda ya ma fi shi dangi masu hali kuma sun tallafa masa, sai ya daina zuwa majalisa, ya daina zuwa ɗaurin aure, masallaci ma ya canza ya koma inda ba a san shi ba. Ba yunwa ce ta kwantar da shi ba, abin da ya kasa ɗauka shi ne a gan shi ba shago. Na je gidansa na same shi a zaure ya ce min Alhaji yanzu in na fita a matsayin wa zan fita.

Don haka ni dai ina tare da masu cewa hali zanen dutse. Amma mu ma jama'a da namu, a majalisa in mai kuɗi ya buɗe baki kowa sai ya yi tsit ko shirme yake faɗa, a wurin ɗaurin aure kowa ya san wanda ake shimfiɗa wa darduma da wanda ake bari a tsaye, yara kuma suna kallo. Ku yi ta yi mata addu'a kuma kar ku bar ta ita kaɗai a ɗaki.

Abu_Hanif_Naraguta:

Anti Maman Ilham sannu da ƙoƙari. Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, labarin nan naka ya yi daidai da abin da masu bincike suka gano, sai dai a wurin zanen dutsen ne zan ɗan saɓa maka, a yi min afuwa. Ni fannin halayyar ɗan Adam ɗin na karanta a nan Jos, bari in ɗan yi tsawo.

Tun 1890 wani masani ɗan Amurka William James ya ce ganin darajar kai ya danganta ne da nasarar mutum in aka auna ta da abin da ya sa wa ransa, ma'ana ba kowace faɗuwa ce ke taɓa mutum ba sai wadda ta faɗo a inda ya jingina kansa. Ƙanenku wataƙila in aka cire shi daga tim ɗin unguwa ranar za ku ga ɓacin ransa na gaske, jarabawa ba nan ya ajiye kansa ba. Wata malama Jennifer Crocker da abokan aikinta a jami'ar Michigan su suka bi wannan magana da awo a farkon shekarun 2000, suka ware wurare bakwai da ɗalibai ke jingina darajarsu: karatu, kyan sura, yardar mutane, fin wasu a gasa, goyon bayan iyali, kyan ɗabi'a, da kuma jin cewa Allah yana son su. A wani bincikensu na 2002 sun bi ɗaliban ajin ƙarshe masu neman gurbin digiri na gaba, waɗanda suka jingina ga karatu ranar da takardar karɓa ta zo sai su ji su wasu ne, ranar da ta ƙi ta zo sai su zube, sauran kuma sukan ji daɗi ko ɓacin rai amma ganin da suke yi wa kansu ba ya girgiza haka. Darajar mutum ta koma kamar farashin tumatir a kasuwar Farin Gada, yau sama gobe ƙasa, kuma ba a hannunsa abin yake ba.

Yanzu batun hali. Masu wannan ilimi sukan kasa halin mutum gida biyar: son sabon abu da zurfin tunani, tsari da riƙon aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, sai na biyar saurin shiga damuwa da fargaba. Kowa yana da kowanne, yawan ne ya bambanta. Biyu ne suka shafi maganarmu, tsari da riƙon aiki, da kuma saurin damuwa, kuma anan ne nake ganin Mama ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tsari da riƙon aiki shi ne goge kayan gobe tun yau ɗin nan, shi ne halin da aka fi samu yana tafiya da cin jarabawa da iya aiki, kuma shi kaɗai ba ya kwantar da mutum, mai shi in ya faɗi yakan ji zafi ya duba inda aka samu matsala ya sake shiri. Wanda aka fi samu yana tafiya da raina kai shi ne saurin damuwa, mai shi kuskure ƙarami sai ya kwana yana juya shi, kallon da wani ya yi masa sai ya fassara shi. To idan biyun suka haɗu a mutum ɗaya sai ka samu yaro mai ƙwazo na ban mamaki wanda tsoro ne ke tura shi ba son abin ba, kuma daga waje ba za ka taɓa bambance shi da mai ƙwazon lafiya ba, dukansu na ɗaya suke zuwa, dukansu malamai na yabo, sai ranar da aka faɗi. Masu binciken son kammala komai ba aibu ma haka suka raba shi, akwai kafa wa kai babban buri wanda ya fi tafiya da tsari, akwai kuma tsoron kuskure da jin cewa mutane ba za su karɓe ka ba sai ka zama cikakke, wannan shi ke tafiya da saurin damuwa kuma shi ne mai cutarwa.

Maganar da take yi cewa sa'a ce kuma asiri ya tonu ita ma sananniya ce, tun 1978 wasu masana biyu mata, Clance da Imes, suka rubuta a kanta, kuma a cikin mata masu ƙwazo sosai suka fara lura da ita.

Gado ne? Wani ɓangare e. Binciken tagwaye yana nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane yana da alaƙa da gado, shi ya sa za a haifi biyu a ɗaki ɗaya ɗaya ya zo da sanyin rai ɗaya da fargaba. Amma abin da ake gada saurin damuwar ne, inda za a jingina daraja kuwa koyonsa ake yi. Kuma ko halin kansa yana motsi, an bi mutane shekaru an ga yawanci suna ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da suke girma, musamman daga shekara 20 zuwa 40. Saboda haka kar a ce ta rage karatu, ba nan ciwon yake ba.

Malama_Rikkos:

Abu Hanif Allah ya saka da alheri. Ni ina koyarwa a firamare kuma wallahi tun aji biyu nake gane irin yaran nan. Ranar ba da sakamako ita ce ranar da na fi tsana a zango. Za ki ga yarinya ta karɓi katinta ba ta ko duba makin darussa ba, idonta na can ƙasa inda aka rubuta matsayi, in ta ga ta uku sai ta ninke katin ƙanana ta cusa a safa, ta ƙi fita bakin get har sai kowa ya watse. Kuma ki bi ta gida ki ji tambayar farko, ba me kika koya ba, a'a, wa ya zo na ɗaya, 'yar gidan wa, ita kai biyu gare ta? Yarinyar da ta samu 88 ana tambayarta ina sauran 12 ɗin suka tafi.

Maman Ilham 'yar uwa kar ki ji haushi, sunan nan na Farfesa da Baba ke kiranta da shi na san don ƙauna ne, amma ki duba ta wurinta, in ita Farfesa ce to ranar da ta faɗi wace ce? A wani horo da aka yi mana an kawo binciken wata masaniya 'yar Amurka Carol Dweck da abokiyar aikinta na 1998, yara 'yan aji biyar aka ba aiki, wasu aka ce musu kai kana da ƙwaƙwalwa, wasu aka ce lallai ka yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya suka sha kaye, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa su suka fi karaya, suka fi gudun abu mai wuya, har suka fi yin ƙarya a kan makin da suka samu. Ni ban buƙaci Amurka ta faɗa min ba ma, ina ganin mai zuwa na ɗaya yana goge amsa a ɓoye lokacin gyara don kar a ga jan biro a littafinsa.

Sai dai ina ƙara wa maganar Abu Hanif abu ɗaya, yabon nan ba duk yaro yake kamawa ba. Akwai wanda za ka kira shi gwani sau ɗari ya yi dariya ya wuce, akwai wanda sau ɗaya ya ishe shi ya ɗauke shi a ka har girma. Shi ya sa uwa ita ya kamata ta san wane ɗa gare ta.

Sadiq_Gangare:

Ku yi haƙuri ni fa ban yarda da ku duka ba. A ƙasar nan da ɗan talaka ba shi da kowa sai sakamakonsa, za ku ce kar ya ɗora kansa a kan nasara? Maki 400 ne a JAMB, masu neman likitanci da lauya sun ninka guraben da ake da su, ka gama kuma in ba ka fita da babban sakamako ba wasu wuraren ko takardarka ba za su karɓa ba, sai ka samu maki 4.5 cikin 5 a jami'a ake kiranka mai daraja ta ɗaya. Wanda bai ji faɗuwa kamar mutuwa ba ai ba zai tashi ƙarfe uku na dare cikin sanyin Jos ya yi karatu ba. Duk waɗanda na sani da suka zama wani abu irin ƙanwar nan taki ne Anti, ba irin mai ƙwallon ba. Ni a ganina ku bar ta, zafin ne zai sa ta dawo da ƙarfi. Wannan maganar ta ka so kanka ko ka ci ko ka faɗi ta 'ya'yan masu kuɗi ce waɗanda aiki ke jiransu.

Abu_Hanif_Naraguta:

Sadiq ɗan uwa na fahimce ka kuma matsin da ka faɗa gaskiya ne, ba wanda ya ce sakamako ba shi da muhimmanci. Amma ka raba abu biyu, akwai na faɗi kuma abin ya yi min ciwo, akwai na faɗi saboda haka ni banza ne. Na farkon shi ke tayar da mutum ƙarfe ukun, na biyun shi ya sa yarinya ta kashe waya ta daina cin abinci, ka ga kuwa yanzu ko shafi ɗaya ba ta karantawa. Kuma an auna abin nan da kake faɗa, a binciken su Crocker ɗaliban da suka jingina darajarsu ga karatu sun fi daɗewa a kan littafi amma makinsu bai fi na sauran ba, abin da suka fi kowa shi ne gajiyar rai da saɓani da malamai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, wanda yake ganin kowace jarabawa shari'a ce a kan ko shi mutum ne ba zai ɗaga hannu a aji ya ce ban gane ba, ba zai je wurin abokinsa ya ce koya min ba, zai guji kwas mai wuya, wani ma sai ya ƙi karatu da gangan har daren jarabawa don in ya faɗi ya samu abin fakewa. Sannan kai waɗanda suka kai kake gani, waɗanda suka bar makaranta a aji biyu saboda faɗuwa ɗaya ba sa zuwa taro balle a ƙirga su.

Batun 'ya'yan masu kuɗi kuma, ɗan talaka shi ya fi buƙatar ya iya faɗuwa ya tashi, don shi zai fi cin karo da ƙofa a rufe.

Maman_Ilham:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Alhaji na gode, Malama ban ji haushi ba ko kaɗan. Abu Hanif to yanzu a aikace me za mu yi? Mun yi ta ce mata ke fa mai ƙoƙari ce, kin fi kowa a ajinku, ki tuna duk kyaututtukan da kika karɓo, amma kamar ƙara mata kuka muke yi. Kuma yaushe ne abin ya wuce na gida?

Abu_Hanif_Naraguta:

Anti ai dole ya ƙara mata kuka, don in kuka ce ki tuna kyaututtukanki abin da take ji shi ne e lallai saboda su muke ganin girmanki, ita kuma a yanzu tana ganin sun ƙare. Ku bar lissafa mata nasarori gaba ɗaya na ɗan lokaci. Akwai binciken da wasu masana uku, Assor da Roth da Deci, suka fitar a 2004 a kan iyayen da fara'arsu ke ƙaruwa in yaro ya yi abin da suke so ta ragu in bai yi ba, yaran sukan yi abin kam, amma da jin dole, daɗin nasarar ba ya daɗewa, kunyar faɗuwa kuma ta yi yawa. Ba sai an zagi yaro ba, wani lokacin shirun da uba ya yi bayan ya duba kati ya ishe shi. Don haka wanda maganarsa za ta fi tasiri a nan Baba ne. In zai yiwu ku roƙe shi cikin ladabi ya kira ta da sunanta na yanka, ya zauna da ita su yi hirar da ba makaranta a ciki, ya aike ta, ya nemi shawararta a kan wani abin gida, ta ga matsayinta bai motsa ba. Faɗa da baki sau ɗaya ba ya isa, sai ta gani ana maimaitawa.

Tunda gidan masu addini ne akwai abin da ta riga ta sani sai dai a tuna mata a hankali ba da wa'azi mai zafi ba, Allah ya ce ya karrama 'yan Adam a suratul Isra'i aya ta 70, bai ce masu cin jarabawa ba, kuma hadisi ya zo a Muslim cewa Allah ba ya duban surorinku da dukiyoyinku sai zukatanku da ayyukanku. Amma dan Allah kar a ce mata rashin tawakkali ne ko raunin imani, mai irin halinta zai ɗauke shi a matsayin wata jarabawar da ya sake faɗi. Ke kuma ki jawo ta cikin abin da ba a ba da maki, girki tare, rakiya kasuwar Katako, wasa da Ilham. In ta ɗan farfaɗo sai ku zauna ku dubi kwas ɗin shi kaɗai, wane ɓangare ne ya ba ta wuya, wa zai koya mata, yaushe za a sake rubutawa, a mayar da shi girmansa na kwas ɗaya.

Batun asibiti, in abin ya kai mako biyu tana cikin baƙin ciki kusan kullum, ba barci ko barcin ya yi yawa, ba cin abinci, ta daina jin daɗin abin da take so da, to ya kamata likita ya gan ta, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a JUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Jos, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, ciwon damuwa ana maganinsa, wani ma da zaman tattaunawa kawai. Idan kuwa kika ji ta ce gara ta mutu ko kun fi samun sauƙi in ba ta, kar ku jira mako biyun, ranar za ku kai ta, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai, kuma wani ya riƙa kwana da ita. Ki tambaye ta kai tsaye ko irin wannan tunanin yana zuwar mata, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, yawanci ma sauƙi yake ji an ba shi damar faɗa.

Malama_Rikkos:

Ƙari kaɗan Maman Ilham, ki nemi ƙawarta ɗaya ta aji wadda ta taɓa maimaita kwas ta zo gidan, ba don nasiha ba, ta zo kawai su zauna. Kuma ku bincika ranar da za a rufe rajistar zango mai zuwa, kar tana ɗaki lokacin ya wuce a samu matsala ta biyu a kan ta farko.